Baƙin Mai a Kujerar Baya

Akwai wata mata da aka dawo mata da motarta wata Asabar da hantsi, baƙin mai kwance a kujerar baya.

A unguwar kowa Anti Direba yake ce mata. Yaran da take kaiwa makaranta ne suka raɗa mata sunan, ya bi ta, har manya suka ɗauka.

Da can a kicin ɗin wani gidan abinci take aiki. Motar ta mijinta ce, da ita yake haya, har ranar da ya faɗo daga tsani yana gyaran rufin ɗaki ya karye a cinya. Likita ya ce zai daɗe bai taka kuloci ba.

Ita kuwa ta iya tuƙi, shi ya koya mata tun suna amarya da ango. Sai ta ajiye aikin kicin, ta bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har ta samu iyayen da suka yarda ta riƙa kai musu yara makaranta tana ɗauko su. Da wannan aikin ake ci a gidan, da shi ake sayen maganin maigida. In iyayen suka janye, tukunya ta sauka.

Mutum ɗaya ne abin bai taɓa kwanta masa ba, wato yayan mijinta. Bakanike ne, yana da gareji a bakin titi, mutane suna kiransa Oga, 'yan gida suna ce masa Yaya. Tun ranar da ta fara yake faɗa wa duk wanda zai saurara cewa mota ba murhu ba ce da za a bar wa mace. A ba shi ita, in ji shi, ya nemo direba namiji ya sa mata.

Ranar Juma'a ya aiko a ba shi aron motar zai ɗauko kayan gyara. Ƙaninsa bai taɓa iya ce masa a'a ba, ranar ma bai iya ba.

Da ya dawo da ita, ya ajiye makulli a kan tebur, ya wuce ɗakin mahaifiyarsu Hajiya, wadda ke zaune tare da su, don ya gaishe ta. Anti Direba ta ɗauki bokiti da tsumma kamar yadda take yi kowace Asabar, ta fita ƙofar gida.

Tana buɗe ƙofar baya wari ya tare ta.

An shimfiɗa kwali a kan kujerar. Ta ɗaga shi da yatsu biyu. Tsohon baƙin mai ne, irin wanda ake juyewa daga inji bayan ya gama aiki, mai kauri, mai ƙauri. Ya cinye rabin kujerar, ya gangara cikin tsagar da ke tsakanin mazauni da majingina, ya ɗiga har kan kafet. Jarkar da aka ɗauko shi a ciki tana ƙasa. Murfinta ya ɓata tun da daɗewa, an toshe bakin da leda an naɗe da igiyar roba, irin yadda ake yi a gareji. But ɗin motar cike yake da ƙarafa, shi ya sa aka ɗora ta a nan.

Ta daɗe tana kallon kwalin fiye da yadda ta kalli man. Mai yana iya zubewa a hannun kowa. Kwali kuwa wani ne ya gani, ya rufe, ya yi shiru.

Ta koma ciki. Yaya yana zaune kusa da Hajiya yana shan shayi, mijinta yana jingine a kujera, ƙafarsa miƙe a kan matashi. Ta durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ta saba.

"Yaya, jarkarka ta zube a mota."

"Na gani," in ji shi, bai ɗago ba. "Wani rami ne na faɗa. Ɗan mai ne ai, ba jini ba."

"Jibi akwai makaranta."

"To kawo makullin in kai ta gareji. Fetur zan watsa mata. Kafin ki wanke kofunan nan ta fita tas."

Duk wanda ya zauna da makanikai ya san matsayin fetur a wurinsu. Da shi suke wanke hannu, da shi suke wanke noti da fulogi, wasunsu ko yankewa suka yi shi suke zubawa. Sun ga yana narkar da baƙin mai a jikin ƙarfe, sai suka ɗauka haka yake yi a jikin komai. Yaya ba mugunta yake nufi da wannan shawarar ba. Abin da hannunsa ya sani ke nan.

Sai dai kujera soso ce da yadi. Fetur zai narkar da man ya tura shi can cikin soson, saman ya yi fes, ƙasan ya riƙe warin na makonni. Sannan a rufe gilashi, rana ta buga, a zuba yaran mutane a ciki. Shekarun da ta yi a kicin sun koya mata cewa mai in ya zube ba a korarsa. Abin da zai sha shi ake ba shi, a jira.

Akwai kuma abu na biyu da ta sani, wanda kowa a ɗakin ya sani. Abin da ya shiga garejin Yaya sai ranar da Yaya ya ga dama yake fitowa. Litinin za ta wuce, Talata ta wuce, iyayen yara su nemi wata motar.

"Yaya, ka yi haƙuri," ta ce. "Ba za a zuba mata fetur ba. Gareji ma ba za ta je ba."

Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, balle ta mayar masa da magana.

Hajiya ta ajiye kofinta. "Ke, da wa kike?"

Mijin ya duƙufa yana kallon filastar ƙafarsa kamar yau ya fara ganinta.

Yaya ya yi dariya. "Ina cikin mota tun kafin ki san hannun damanki. Yau ke za ki koya mini?"

"Ban isa ba, Yaya. Inji naka ne. Ko gobe ya yi tari, wurinka zan kawo shi. Amma kujera yaran mutane ne ke zama a kai, ni kuma iyayensu suka ba wa amana."

Ya tashi, ya nufi inda janareta yake, ya zare tiyo ya tsiyayo fetur a wata robar ruwa. Ta gane abin da zai yi. Ta zari makullin daga kan tebur, ta riga shi fita, ta kulle ƙofofin motar, ta ƙulle makullin a bakin mayafinta, ta jingina bayanta da ƙofar baya.

Ya fito da robar a hannu.

"Matsa."

"Ba zan matsa ba, Yaya."

"Motar ƙanina ce."

"Shi ya sa nake tsaron ta."

Mai shagon da ke tsallaken layi ya leƙo. Matar tela, maƙwabciyarsu, ta fito da allura a baki. Nan da nan kowa ya zama likitan kujera. Mai shago ya ce ruwan zafi da omo, a dirje da ƙarfi. Wani mai wucewa ya ce kananzir ya fi fetur sauƙin kai. Matar tela ta zare allurar ta ce, "Ni dai Oga, in za ka zuba, bari in kwashe shanyata tukuna."

Aka yi dariya. Yaya ba mutum ba ne da yake jure dariya a ƙofar gidansu. Ya dire robar a ƙasa.

"Shi ke nan. Ki wanke ta da miyau in kin so. Amma ranar Litinin in iyayen yaran nan suka ga kujerar suka kwashe 'ya'yansu, da hannunki za ki kawo mini makullin. Ba sai na aiko ba."

"In sun kwashe, makulli yana da mai shi. Shi zai faɗi inda za shi."

Ya tafi bai yi wa kowa sallama ba.

Ta ɗauki robar fetur ɗin ta juye shi cikin janareta, sannan ta fara aiki.

Ba ta taɓa bokitin ruwan ba. Cokali ta ɗauko daga kicin ta riƙa kwashe man da ke kwance a sama, a hankali, tana zubawa a gwangwani. Da ya daina kwasuwa ta kawo tsofaffin jaridu da tsummokara, tana ɗorawa tana dannawa tana ɗagawa. Ba ta goga ko sau ɗaya ba, don guga ce ke faɗaɗa tabo. Ta je wurin kafinta ta roƙo buhun garin katako ta zuba a kafet. A kan kujerar kuma ta zuba garin sitacin da take gugar kayan makarantar 'ya'yanta da shi, ta baje shi da kauri har baƙin ya ɓace.

Daga nan ta buɗe ƙofofin duka, ta ɗauko kujerar tsuguno, ta zauna.

Hajiya ta leƙo daga ƙofar gida. "Aikin ke nan? Kin kori ɗana don ki zo ki zauna kina gadin gari?"

"Yana sha ne, Hajiya."

"Allah ya ba shi lafiyar sha."

Zaman ya fi aikin wuya. Duk wanda ya wuce sai ya tambaya, duk wanda ya tambaya sai ya ba da shawara. Garin yana komawa ruwan toka, ta share da buroshi, ta zuba sabo. Da sitacin gida ya ƙare ta sayo wani a shago. Sai da yamma ta yi sannan ta kawo ruwan ɗumi kaɗan da sabulun wanke-wanke na ruwa, wanda aka yi shi don yanke maiƙo, ta riƙa shafa kumfar daga gefen tabon zuwa tsakiya tana tsanewa da busasshen tsumma.

A cikin gida babu mai yi mata magana. Ta kai wa Hajiya abinci, Hajiya ta karɓa ta juya kai. Mijin ya ce, "Da kin bi shi a hankali."

"A hankali muka bi shi ya ɗauki motar."

Washegari Lahadi da safe ta fito, kujerar ta bushe, ta yi kyau a ido. Ta ɗora farin tsumma ta danna da tafin hannu, ta jingina nauyinta a kai kamar yadda yaro zai zauna.

Ta ɗaga. Baƙi ƙirin.

Man ya riga ya shige cikin soson tun a hanya, tun kafin a dawo da motar. Duk abin da ta yi jiya saman kawai ta tsabtace. Ta zauna a bakin ƙofar motar, tsumman a hannu. Nan ne hawaye suka so zuwa. Ta duba layin, ta ga mai shago yana buɗe shagonsa yana satar kallonta, ta haɗiye su.

Sai ta ji ƙarar sanda a bayanta. Mijinta ne, yana dogarawa, gumi a goshinsa. Tun da ya karye bai taɓa fitowa ƙofar gida ba.

"Ka koma ciki kafin ka faɗi ka ƙara mini aiki."

"Kawo mini kujerar nan in zauna." Ya zauna yana haki. Ya karɓi tsumman ya duba. "Kujerar tana fita, kin sani? Zura hannu ƙarƙashin bakinta, nan daidai gwiwarki. Akwai wani ɗan maƙali. Ja shi sama da ƙarfi. Akwai ɗan'uwansa a ɗaya gefen."

Ta ja. Mazaunin ya ɗago gaba ɗayansa. A ƙarƙashi, man ya taru a wani lungun ƙarfe kamar a faranti. Suka kifa mazaunin a kan tabarma, ya nuna mata yadda ake ɓalle ƙananan ƙarafan da suka riƙe yadin. Da ta yaye shi, soson ya bayyana: gefe ɗaya rawaya, ɗaya gefen baƙi har ƙasa.

"Wannan ba ya wankuwa," in ji shi. "Sai mai gyaran kujeru. Yau kuma Lahadi, ba ya buɗewa."

Ta kalli soson. Ta auna kaurinsa da yatsunta. Ta shiga gida, ta fito da wuƙar kicin, ta yanke ɓangaren da ya sha mai ta jefa a buhu. Sannan ta sake komawa, aka ji tana jan wani abu mai nauyi.

Katifarsu ce ta fito da ita tsakar gida, wadda mahaifinta ya saya mata lokacin aure.

"Ke, tsaya," in ji mijin. "Me za ki yi?"

"Gefena zan yanka, ba naka ba. Daga wajen ƙafa. Ni ba doguwa ba ce."

Hajiya ta fito tana tafa hannu a hankali. "Na daɗe a duniya, yau na ga wadda ta yanka katifa don mota ta kwanta."

Amma ba ta koma ɗaki ba. Ta tsaya tana kallo. Da wuƙar ta fara karkacewa, ta ce, "Riƙe ta a miƙe mana. Haka ake yanka? Ba ni nan." Ta danne katifar da gwiwa, surukarta ta yanka.

Matar tela ta kawo babbar allura da zare mai ƙarfi. Aka wanke yadin shi kaɗai a baho da sabulun wanke-wanke, aka sake wankewa, aka shanya a rana. Anti Direba ta kwashe man da ke lungun ƙarfen, ta goge wurin har tsumma ya fita fari. Mijin yana zaune yana gyara bakin sabon soson da reza don ya shiga gurbinsa daidai.

Kafin yadin ya bushe ta ɗauki waya.

"Wa za ki kira?"

"Iyayen yara."

"Don me? Gobe ba za su ga komai ba."

"Yaya ba zai yi shiru ba. Gara su ji daga bakina."

Ta faɗa wa kowannensu abin da ya faru da abin da ta yi, ta ce duk mai son dubawa ya zo da safe. Yawancinsu suka ce ba komai. Wata uwa kuwa ta ce ita dai kayan makarantar ɗanta sababbi ne, za ta nemi wata hanya. Anti Direba ta ce ta gode, ta kashe wayar, ta ci gaba da ɗinki.

Litinin da sassafe ta fito ta tarar da Yaya ya riga ta. Ya kafe babur ɗinsa daidai gaban motar. Tare da shi akwai wani dogon mutum mai jaket, wanda ko ba a faɗa ba ta san shi ne direban da aka tanada.

Ta durƙusa. "Yaya, kun tashi lafiya?"

"Lafiya," in ji shi, yana kallon wani wuri.

Yara suka fara taruwa da jakunkunansu. Can sai ga wani uba ya taho riƙe da hannun 'yarsa. Mai kantin magani ne a bakin titi, a garejin Yaya yake gyaran motarsa, kuma 'yar tasa tana da asma. Sanye yake da farar rigar aikinsa.

"Anti, na ji kiranki jiya," ya ce. "Na kuma ji wani labarin a gareji. Labaran biyu ba su yi kama ba, shi ya sa na zo da kaina."

"Bismillah." Ta buɗe masa ƙofar. "Ga wurin nan. Ka ga wannan inuwar a jikin yadin? Ita ce ta ƙi fita, ba zan ce maka babu ita ba. Soson ciki kuwa sabo ne."

Ya sunkuya ya shinshina kujerar. Ya shinshina kafet. Ya shiga ya ja ƙofar ya rufe, ya zauna daidai kan inuwar, ya jijjiga jikinsa, ya jingina, ya daɗe a haka gilashi a rufe. Matar tela tana leƙe ta taga.

Ya fito. Ya yi ƙoƙarin waiwayawa ya ga bayansa, wuyansa bai kai ba. Sai ya juya wa Yaya baya.

"Oga, kai ne ka san baƙin mai. Duba mini rigar nan."

Yaya ya duba. Ya matso ya ƙara dubawa. Ya kama gefen rigar ya ɗaga ta wajen haske. Dogon mai jaket ya fara kallon agogonsa.

"Babu komai," in ji Yaya.

Uban ya ɗaga 'yarsa ya zaunar da ita a wurin, ya ja mata bel. Sauran yaran suka dura ciki suna faɗan wa zai zauna bakin taga.

Anti Direba ta kwance makullin daga bakin mayafinta, ta shiga, ta tayar da mota. Ta sauke gilashi.

"Yaya, a taimaka a matsar mana da babur ɗin. Za mu makara."

Ya kalli motar. Sannan ya kama kan babur ɗin da hannunsa, ya tura shi gefe.

Darasi: Girmama na gaba wajibi ne, amma amanar da aka ɗora maka ba a miƙa ta don kunya. In ka san abin da ake shirin yi zai cutar da waɗanda ke hannunka, ka ce a'a cikin ladabi, ka tsaya a kanta, sannan ka yi aikin da zai tabbatar da ita ko da zai ci wani abu naka. Kuma in ɓarna ta faru, kada ka rufe ta, kada ka yi mata gyaran gaggawa da zai tura ta ciki. Ka tura wannan labari ga wanda ka san yana tsaye shi kaɗai a kan gaskiyarsa, ya san ba shi kaɗai ba ne.